TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Ranar da Baba ya kai ni dajin Kalkriese

Salam jama'a. Makon jiya na tsaya a inda na samu ɗaki a gidan tsohon nan na Osnabrück, wanda nake ce wa Baba shi kuma ya yi ta dariya. To wata Asabar na dawo daga aikin dare a sito ko karyawa ban yi ba, sai ya ce in sa takalmin ruwa in shigo mota, wai zai nuna min inda kakanninsa suka karya Rumawa. Ni wallahi a lokacin ban ma san Rumawa sun taɓa taka Jamus ba.

Wajen sunansa Kalkriese, daji ne ga tudu ga taɓo, an gina gidan tarihi a gefe. A cikin gilashi na ga wata fuskar ƙarfe ta sojan doki, ramukan idon kamar suna kallona, sai kuma kwabban tagulla da aka buga wa haruffa VAR, sunan Varus kenan, gwamnan da ya halaka da runduna 3 a shekara ta 9 miladiyya. Na ce Baba, mutanen da ke da rana da zaitun a Italiya me ya kawo su wannan sanyin? Ya goga yatsu biyu alamar kuɗi, ya ce da tsoro kuma.

Ashe ƙasar Gol, Faransa ta yanzu, ita ce saniyar tatsarsu tun da Juliyas Kaisar ya ci ta, su kuma ƙabilun tsallaken kogin Rhine sai su haye su yi wawaso su koma, har a shekara ta 16 kafin miladiyya suka ƙwace tutar mikiya ta wata runduna sukutum, abin kunya babba a wajen Rumawa. Shi ne Sarki Agustus na Rum ya tura janar ɗinsa Drusus a shekara ta 12 kafin miladiyya, cikin shekara 3 ya kai kogin Elbe. Sannan ga darma a yankin Brilon, Rumawa da ita suke bututun ruwa, har an tsinci curinta mai tambarin Jamus a jirgin da ya nutse can kudancin Faransa. Ga samari ƙarti na ɗauka soja, Arminius, jagoran ƙabilun nan da ya yi wa Varus tarko, ma Rumawan ne suka horar da shi.

Amma abin da ya tsaya min a rai labarin Firisawa ne, wata ƙabila ta bakin teku a yankin Holan ta yanzu. Drusus ya ɗora musu harajin fatar shanu, suna biya ba gardama, sai wani jami'i ya zo ya ce fatar dole ta kai girman ta ɓaunan daji, alhali shanunsu ƙanana ne. Suka ba da shanun, suka ba da gonaki, har mata da 'ya'ya suka tafi bauta, a shekara ta 28 miladiyya suka tashi suka rataye masu karɓar harajin. Nan take na tuna kakana da yadda yake ba mu labarin kora shanu daji da dare in an ji masu jangali sun doso. Na faɗa wa Baba, sai ya zaro biro ya ce in rubuta masa jangali a bayan tikitin shiga.

A hanyar komawa bacci ya kwashe ni, muna isowa gida na tarar da wasiƙar ofishin baƙi a akwati. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.