Kuɗin gadi da kuɗin shara a layin kasuwa: yadda ake lissafa su da inda suke lalacewa

Duk layin da aka taɓa fasa wa shago biyu a dare ɗaya ya san yadda abin yake farawa. Washegari a kira taro, ran kowa a ɓace, a yanke cewa kowane shago zai riƙa ba da kaza a wata, a ɗauki masu gadi, a haɗa da masu shara tunda dama an taru. Watan farko kuɗi har da rara. Kafin a kai wata na biyar mai karɓa ya fara jin “Alhaji bai fito ba” da “ka dawo bayan la'asar”. Albashin masu gadi ya makara, ɗaya ya ajiye aiki, ragowar su koma barci a kan benci. Daga nan sai a ce 'yan kasuwa ba su da haɗin kai. Ni ban ɗora laifin a nan ba. Tun ranar taron aka kafa ginin a karkace: an yanka kuɗi kafin a lissafa aiki, kuma ba a tanadi abin da za a yi da wanda ya ƙi biya ba, alhali maigadin da ke tsare shagon mai biya shi ne dai ke tsare na maƙwabcinsa da ya noƙe.

Wasu sun riga mu shan wannan wahalar. A ƙarshen shekarun 1960 'yan kasuwar unguwar Bloor West Village a birnin Toronto na Kanada suka ga ciniki yana guje musu: jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ɗauke fasinjojin da a da suke wucewa ta ƙofar shagunansu, manyan kantunan bayan gari kuma sun janye masu saye. Suka gwada karo-karo na ganin dama, 'yan kaɗan ne suka riƙa bayarwa. Sai suka nemi a yi doka, hukumar birni ta ɗora wani ƙari a kan harajin kowane shago na yankin, ta karɓa, ta mayar wa ƙungiyarsu ta kashe a titin. An fara a 1970. Cape Town ta Afirka ta Kudu ta kafa irinsa a tsakiyar birni a 2000. Ingila ta yi tata dokar a 2003, kuma na farko ya fara aiki a Kingston a 2005. Tsarin na Ingila ya fi cancanta a tsaya a duba. Sai an kaɗa ƙuri'a, kuma rinjaye biyu ake buƙata: na yawan waɗanda suka jefa, da na darajar shagunansu in an haɗa. Ta haka manya ba su danne ƙanana ba, ƙanana kuma ba su taru sun ɗora wa manya nauyi ba. In ƙuri'a ta wuce, biya ya hau kan kowa har wanda ya ce a'a, yawanci kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na ƙimar hayar da hukuma ta yi wa shagon. Wa'adi ba ya wuce shekara 5, sai an sake ƙuri'a.

A kasuwanninmu ƙungiya ce ke karɓa da hannunta, ba ta da sandar mai haraji. Don haka ƙarfinta sai ya fito daga lissafin da kowa zai iya bi da yatsa, da kuma takarda.

A fara da zagaye, ba da kuɗi ba. Mutum uku su bi layin da rana su ƙirga shaguna da tebura, su sake bi da dare su ƙirga mashiga, lunguna, katangar da za a iya haurawa da wuraren da babu haske. Yawan masu gadi daga mashiga da lungu yake fitowa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wuri huɗu, mutum huɗu. Gadin awa 12 kullum awa 84 ne a mako, babu ɗan Adam da zai jure shi shekara guda ido biyu. Wuri huɗu yana buƙatar mutum biyar, na biyar ɗin yana karɓar wanda ke hutu ko wanda ba shi da lafiya.

Ga misali, da alƙaluman da kowane layi zai sauya da farashin garinsa. A ɗauka layin yana da mashiga biyu da lungun baya, wuri huɗu na gadi. Masu gadi 5 a kan naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da dokar 2024 ta tsayar, ya kama 350,000. Masu shara 3 na rabin yini a kan 40,000, ya kama 120,000. Kwashe bola sau ɗaya a mako a kan 25,000, ya kama 100,000 a wata. Kayan aiki, wato tocila, usur, rigar ruwa, takalmin roba, safar hannu, tsintsiya, manjagara, shebur da gyaran baro, a ware 30,000. Gyaran fitilun sola da canjin batir wata 30,000. Yashe kwata sau biyu a shekara a kan 240,000 duka biyun, in an raba wata 12, ya zama 20,000. Jimla 650,000. A ɗora kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, a samu 715,000. Yanzu sai mataki da kusan kowa ke tsallakewa: kar a raba 715,000 kamar kowa zai biya. A ɗauka cikin kowace naira 100 da aka yanka, 85 ce za ta shigo. Abin da za a raba ke nan ya zama wajen 840,000. Wanda ya raba ainihin kuɗin aiki daidai wa daida, ranar da mutum goma suka makara albashi ya tsaya.

Rabon ma ba a yin sa kai-da-kai. Mai sito cike da atamfa da mai ɗan shagon cajin waya ba abu ɗaya ake tsare musu ba, kuma ranar da ƙaramin ya gane kuɗinsu ɗaya, ranar zai daina biya, da gaskiyarsa. A yi shi da kaso. Babban shago kaso 3, matsakaici 2, ƙarami 1, mai tebur rabi. In akwai manya 20, matsakaita 70, ƙanana 30 da tebura 20, kaso 240 ke nan, kowane kaso naira 3,500. Babba zai biya 10,500, matsakaici 7,000, ƙarami 3,500, mai tebur 1,750. Mai abinci, mai kayan gwari da mai sauke kaya a kwali a ƙara musu kaso ɗaya na shara ko da shagon ƙarami ne, don su ne ke cika baro. Shagon da ke rufe mai ginin ne zai biya masa, tunda ƙofarsa da kwanonsa suna cikin abin da ake gadi.

Masu tebur da ƙananan shaguna sun fi iya biya kullum, kamar adashi: 3,500 a kwanakin kasuwa 26 bai kai naira 140 a rana ba. Sai dai kuɗin kullum ya fi zurarewa a hanya. Maganinsa rasit mai lamba, da ƙa'idar cewa mai karɓa daban, ma'aji daban, kuma abin da aka tara a rana ya kwana a banki. Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, abin da ke buƙatar rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC) a matsayin ƙungiya mai amintattu, masu sa hannu uku, sai biyu sun sa kuɗi ya fita. Asusun shugaba na kansa, komai amanarsa, yana jawo zargi yana raye, yana jawo rikici da magada in ya rasu. Mai turo kuɗi ta waya ya rubuta lambar shagonsa. Ƙarshen wata a liƙa takarda ɗaya a bakin layi, a kuma tura ta zauren WhatsApp: abin da ya shigo, abin da ya fita, lambobin shagunan da suka biya.

Wanda ya ƙi biya fa? Garƙame masa shago da kwaɗo shi ne abin da zuciya ke fara kawowa, kuma shi ne ke kai ƙungiya ofishin 'yan sanda a matsayin wadda ake ƙara. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ta masu gine-gine: a shawo kansu su rubuta kuɗin gadi da shara a cikin takardar haya, ya zama ana biya tare da hayar shekara. Inda hakan bai samu ba, sunan da bai fito a takardar wata ba, da zama gaban dattawan kasuwa, sun fi kwaɗo aiki.

Maganar masu gadin kansu tana son a daɗe a kanta. Kamfanin gadi mai zaman kansa dole ya kasance da lasisi ƙarƙashin dokar 1986, hukumar Sibil Difens ce ke sa ido a kansu, kuma dokar ba ta ba ma'aikatansu damar riƙe bindiga ba. Kamfani ya fi tsada, amma shi ke kawo madadin wanda bai zo ba. In an tafi wajen kamfani a tambayi nawa ne ke isa hannun maigadin cikin abin da ake biya, don mutumin da ake ba rabin kuɗinsa yana da wani aikin da rana, dare kuma lokacin barcinsa ne. In ƙungiya ce za ta ɗauka da kanta, ko ta yi aiki da 'yan sintiri, kowa ya kawo hoto da wanda zai tsaya masa, mai unguwa ya san da shi, DPO na yankin ya samu jerin sunayen. A rubuta ƙarara cewa wanda aka kama hannun 'yan sanda za a miƙa shi. Duka ɗaya da ya zo da tsautsayi yana iya cinye asusun shekara ya kuma kai shugabanni kotu.

Ɓarawon shago ba kasafai yake tunkarar ƙofar gaba ba. Ta kwano yake shiga ko ta bangon baya, kuma daren ruwan sama ya fi so, lokacin da ƙarar ruwa a kan rufi ke haɗiye ƙarar almakashi, maigadi kuma ya fake a rumfa. Shi ya sa rigar ruwa ba ado ba ce, kuma fitila ɗaya a lungun baya ta fi uku a bakin titi. Buga ƙarfe ko busa usur kowace awa yana nuna an farka, amma yana sanar da ɓarawo inda maigadi yake, don haka a haɗa shi da zagayen da ba shi da tsayayyen lokaci, da ziyarar bazata ta 'yan kwamiti tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare. Tun kafin a yi sata a rubuta abin da zai biyo baya. Ƙungiya ba kamfanin inshora ba ce, albashin maigadi kuma ba zai biya dilar shadda ba. Abin da za a iya alkawari shi ne bincike cikin kwana uku da sallamar wanda aka samu da sakaci.

Rabin amfanin maigadin kasuwa a gobara yake. Wutar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 cikin dare ta tashi. A ba masu gadi makullin babbar ƙofa don motar kashe gobara ta samu shiga, lambar hukumar a wayar kowannensu, bokitan yashi, da tukunyar kashe wuta mai hoda ta kilo 9 a kowace mashiga, a duba ta duk shekara, a kuma nuna musu yadda ake zare fil ɗinta. Duk lokacin da aka kawo wuta cikin dare su zagaya suna shinshina ƙauri.

A ɓangaren tsafta, sharewa ita ce mai araha, fitar da sharar daga unguwa ita ke cin kuɗi. In aka biya masu shara ba a biya mai kwashewa ba, tarin zai ƙare a ɗayan wuri biyu: cikin kwata, ko a cinna masa wuta a gindin shaguna. Ledar fiya wata da yashi su toshe kwalbati, ruwan farko mai ƙarfi ya shiga shago. 'Yan Kantin Kwari sun ga irin ɓarnar da ruwa ke yi wa yadi a Agustan 2022. Yashe na farko a yi shi a Afrilu ko farkon Mayu kafin damina ta kankama, na biyu a tsakiyarta, kuma kwangilar ta haɗa da ɗauke laka cikin kwana biyu, in ba haka ba ƙafa da taya su mayar da ita inda ta fito. Shara a gama ta bayan asuba kafin a buɗe. Kwali, roba da gwangwani a bar wa masu sharar su sayar wa 'yan gwangwan, ƙarin samu ne gare su, ragin kaya ne ga mota.

Akwai tarkon da Turawan Ingila suka toshe da takarda, mu ma ya kamata. Da zarar layi ya fara share kansa, motar hukuma takan rage zuwa, sai a wayi gari 'yan kasuwa suna biyan haraji suna kuma biyan aikin da harajin ya kamata ya yi. Kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa kula da kasuwanni da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a Kano kuma ga REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha. Kafin a karɓi ko kwabo, kwamiti ya je ya samu a rubuce ranakun da mota ke zuwa da inda take ɗauka, a ajiye kwafi. Abin da ƙungiya za ta biya ƙari ne a kan wannan. Tsaftar kasuwanni ta Juma'ar ƙarshen wata ma ba a dakatar da ita don an ɗauki masu shara.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan tsari kan juya kan masu ƙaramin ƙarfi. Manyan masu biya sukan fara ganin mai talla da mai tura baro a matsayin dattin da za a share. A New York ma, a 1998 kotu ta samu irin wannan ƙungiya ta yankin Grand Central da laifin biyan marasa matsugunin da ta sa aiki ƙasa da mafi ƙarancin albashi. Shi ya sa rabin kason mai tebur yake da muhimmanci: wanda ke riƙe da rasit yana da bakin magana a taro. A ba masu tebur kujera ɗaya a kwamiti, a kuma ari rinjaye biyun nan: duk ƙarin kuɗi sai ya samu yawancin mutane da yawancin kaso. Wa'adin shekara 5 ya yi mana tsawo a yadda farashi ke tashi. A sabunta duk shekara, a sa taron wata guda kafin lokacin da yawancin masu shaguna ke biyan haya, mutum biyu da ba sa cikin kwamiti su zo da takardar banki da kututturen rasit su karanta a gaban kowa kafin a ɗaga hannu.