Kalmar "Wed." da ta sa maigidana yin shiru

Mahaifiyar maigidana jinin Holan ce, kuma kusan shekara biyu kenan muna ta fama da neman asalinsu. Da shafin intanet na WieWasWie muka fara, inda ake samun rajistar haihuwa da aure da mutuwa, wadda a yawancin ƙasar tun 1811 aka fara ta, to amma fa gaskiya abin da ke ciki ƙashi ne babu tsoka, suna ne da kwanan wata sai kalma ɗaya ta sana'a. Kakan kakansa an rubuta masa "bakker", mai gasa biredi, shi kenan.

Sai wani dare na ce bari in leƙa Delpher, shafin da babban laburaren ƙasar da ke Hague ya buɗe a 2013, kyauta ne kuma jaridun ciki sun kai har 1618. Kowa jarida yake bi, ni kam ɓangaren "tijdschriften" na shiga, wato mujallu, don mutanen nan kusan kowace sana'a tana da tata, masu sayar da littafi suna da Nieuwsblad voor den Boekhandel, injiniyoyi De Ingenieur tun 1886, masu gyaran lu'ulu'u a Amsterdam ma ƙungiyarsu ta ANDB da aka kafa a 1894 tana fitar da tata duk mako. A shafukan baya ake samun abin, wane na neman yaron shago, wane ya karye, wane ya cika shekara 25 a wajen aiki.

Na sha wuya fa kafin in dace, saboda kwamfuta ce ta karanta tsohon bugun kuma tana cin haruffa, ga rubutun da ya bambanta da na yanzu, Visser sai ka gan shi Visscher. Sai da na haɗa sunan da garinsu, na gwada salo uku.

Wata 'yar sanarwa ce ta fito, layi huɗu kacal, ana neman mai taya aikin tanda, amma kafin sunan kakan kakan maigidana an sa "Wed." Weduwe kenan, matar mamaci. Ashe bayan rasuwarsa matar ce ta ci gaba da riƙe gidan biredin da sunansa, ga ƙananan yara, alhali a takardar aurensu ko sana'a ba a rubuta mata ba.

Na juya masa allon ya karanta, ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce in buga masa ita a takarda zai kai wa Mama.