Ragowar maganin yaro ba abin ajiya ba ne

Ƙannena masu sabon goyo, da ku iyaye maza da ake aika kemis da daddare, ina so mu yi magana a kan kwalbar nan ta garin magani, wato antibayotik mai kashe ƙwayoyin bakteriya irin su amoxicillin, wadda ake zuba wa ruwa a girgiza a ba yaro. Daga Rigasa har Kawo a nan Kaduna, da wuya ka shiga gidan masu yara ba ka same ta a kan firji ko cikin kwaba ba. Ni na yi sakaci da ita, ɗana ne ya sha wuyar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kunnensa ne ya fara zubar da mugunya. Likita ya sa aka ɗora shi a sikeli, ya rubuta maganin da adadin kwanakin da zai sha. Da zazzaɓi ya sauka, yaro ya koma tsalle-tsallensa yana cin tuwo, sai na ce ai ya warke, me zai sa in ci gaba da ɗura masa? Na rufe kwalba na ajiye. Ba a jima ba ciwon ya dawo, ya fi na farko, yaro na kwana yana jan kunne yana kuka. Nas ɗin da ta karɓe mu ta dube ni ta ce, "Maman yaro, kin ƙarasa masa maganin kuwa?" Na sunkuyar da kai. Zazzaɓi kan sauka tun ƙwayoyin cutar ba su gama mutuwa ba, waɗanda suka rage su ne suka sake yaɗuwa.

Abin da ya fi damuna har yau shi ne ragowar. Da hunturu ya shigo, ƙanwarsa ta kama mura, na ɗauko wannan kwalbar na ba ta. Kuskure biyu a haɗe. Mura da yawancin tarin da ƙurar hunturu ke zuwa da su ba bakteriya ke kawo su ba, bairos ne, kuma antibayotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Sannan garin da aka riga aka haɗa da ruwa ƙarfinsa na raguwa. Yawanci kwana 7 zuwa 14 ne iyakarsa, a jikin kwalin ake rubutawa, bayan nan sai zubarwa. Duk lokacin da aka ba yaro antibayotik babu dalili, ana ba ƙwayoyin cuta damar sabawa da shi ne, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ya ƙi ci. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda wannan bijirewar.

Ku rabu da cokalin shayi. Na gidanki daban, na maƙwabciyarki daban. Ku yi amfani da ɗan kofin awo ko sirinjin da ke cikin kwalin. Ku kuma duba ƙarfin maganin: akwai amoxicillin mai 125mg a cikin 5ml, akwai mai 250mg, ninki biyu ke nan a awo ɗaya. Da nauyin yaro ake lissafa abin da zai sha, shi ya sa "ba shi irin wanda na ba nawa" ba shawara ba ce, ko daga bakin yayarki ta fito.

Wajen haɗawa, a tafasa ruwa a bar shi ya huce sarai, a zuba daidai layin da ke jikin kwalba, a girgiza kafin kowane sha. Amoxicillin da ke gauraye da sinadarin clavulanate, kamar Augmentin, firji yake so. Idan wuta ba ta zama a unguwarku, ku faɗa wa likita tun kafin ya rubuta, domin akwai ƙwayar amoxicillin da ake narkarwa a ɗan ruwa a lokacin sha, ba ta buƙatar sanyi. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ku biya kuɗi.

Gudawa ta ruwa zalla, ruwan gishiri da sukari na ORS da zinc take buƙata, ba antibayotik ba. Zazzaɓi kuma a fara da gwajin maleriya.

Amma kada tsoron magani ya sa ku zauna da yaro a gida. Idan numfashinsa ya kai 50 a minti yana tsakanin wata 2 zuwa 11, ko 40 yana shekara 1 zuwa 5, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko ya ƙi kama nono, ana zargin nimoniya, kuma nan ne antibayotik ke ceton rai. A tafi asibiti mafi kusa, ko Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, ko Barau Dikko. Haka idan ya sha maganin sai ƙuraje suka feso masa, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya sarƙe: a dakatar nan take, a ɗauki yaron da kwalbar a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne.