Kafin Yaro Ya Fara Rubuta Manhaja: Yadda Nake Horar da 'Yan Sakandare a Jos

Akwai ɗalibin da zai zana maka kwamfuta a takarda, ya jero sassanta, ya kawo bambancin RAM da ROM, nau'o'i biyu na ƙwaƙwalwar kwamfuta, kamar mai biya hadda, amma da ka ajiye masa ita a gaba ka ce ya buɗe jaka ya adana rubutu a ciki, sai ido ya raina fata. Irinsu ne suka fi yawa a ajin da nake ɗauka, 'yan SS1 da SS2 daga Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos da Dilimi. Da alli aka koya musu kwamfuta, hannunsu bai taɓa ta ba. Shi ya sa ba na fara musu da rubuta manhaja, duk da ita suke ɗoki. Hannu tukuna, sai gyara, sai haɗa na'urori, sannan manhaja. Abin da nake nema a duk matakan guda ɗaya ne: yaro ya iya gano inda matsala take da kansa.

Lokaci ne ke fara kashe irin wannan aji. Asabar da Lahadi na Islamiyya ne a yawancin gidajenmu, kuma wanda ya ce zai yi takara da Islamiyya ya sha ƙasa tun ba a fara ba. Alhamis da Juma'a ne babu karatun yamma, sai na kafa ajin a nan: bayan La'asar, awa ɗaya da rabi, a tashi da sauran rana don 'yan mata su isa gida kafin Magariba. Aiki mai nauyi kuma sai dogon hutun Agusta, da safe.

Sai wuta. Kwamfutar tebur ta fi araha, amma ita da allonta suna iya jan wat 150 ko fiye, kuma da an ɗauke wuta aikin yaro ya tafi. Laftof tana jan kamar wat 40 a aikin aji, ga batirinta a jiki. Guda 10 wat 400 ke nan. Batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 wat-awa 2,400 yake ɗauka a rubuce, amma irin mai ruwan nan rabi kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko. Guda biyu za su ba ka 2,400 na amfani, in an cire asarar inbata a samu kusan awa biyar. Abin da ke rusa wannan lissafi shi ne wani ya jona firinta mai leza, ko hitar ruwa a sanyin Disamba, wanda a Jos sai ka sa ido sosai.

Laftof na hannu sun wadatar, muddin RAM ta kai gigabayit 8 kuma an sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, sabon nau'in ma'ajiya mai sauri. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel ƙarni na takwas zuwa sama, don haka tsofaffin da ba su kai ba Linux Mint, madadin Windows, nake sa musu. Ba na dogara da intanet. Python da Scratch na rubuta manhaja, LibreOffice na aikin ofis, Klavaro na koyon bugun rubutu da Kiwix mai buɗe Wikipedia ba tare da data ba, duk suna cikin filashi ɗaya. Mutum biyu kan kwamfuta ɗaya, su yi musayar kujera duk minti 15. In suka zama uku, na ukun ɗan kallo ne. Mata kuma da mata nake haɗa su, saboda in ka haɗa mace da namiji, kafin ka waiwayo linzamin yana hannunsa, ita tana rubuta abin da ya yi.

Makonnin farko bugun rubutu ne zalla, kuma yara sun tsane shi. Manuniya biyu kan F da J, inda ɗan tudun nan yake, a rufe hannu da ƙyalle, minti 20 a farkon kowane zama har a kai kalma 25 a minti. Abin da ke kwantar musu da hankali shi ne zancen JAMB. Tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, tambaya 180 a awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya, kuma wanda ya saba danna A, B, C, D da N na matsawa tambaya ta gaba ya fi mai lalube da linzami sauri. A nan ne kuma nake koya musu jaka da fayil. Yaron da ya tashi da waya bai taɓa tambayar inda hotonsa yake zaune ba, wayar ce ke nemo masa.

Daga nan sai in fara ɓata musu kwamfuta da gangan. Ina da tsofaffin na tebur guda biyu don wannan aiki kawai. Kafin su iso sai in sassauta RAM a ɗaya, ta kunnu fanka na juyawa amma allo baƙi. Wata rana in cire ɗan batirin nan CR2032 da ke riƙe agogo, kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa suna kukan takardar tsaro, yara su yi ta zargin data. Ko in zare wayar faifan ajiya. Dokar ita ce ba a taɓa sukurdireba sai an rubuta abu huɗu a littafi: me na gani, me ya canza tun lokacin da take aiki, me zan gwada, me ya biyo baya. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Mai gaggawa zai cire RAM, ya sauya waya, ya hura ƙura duk a tare, ta tashi, amma ka tambaye shi me ya gyara ta bai sani ba, gobe ta sake zai dawo farko. A lokacin hunturu iska ta bushe, jiki na tara lantarkin da ke iya lalata RAM, don haka a zare wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin tukuna, a riƙe RAM ta gefe.

Inda na fi daɗewa shi ne kebul ɗin sadarwa, don shi ne sana'ar farko da ɗan sakandare zai iya cin kuɗinta. Ana bukatar kwalin kebul nau'in Cat6 mai mita 305, kawunan RJ45 da ake matse wa a bakin kebul da yawa (kowane yaro zai lalata aƙalla biyar kafin ya dace, a saya da wannan lissafin), filayar matsewa da na'urar gwaji. A fere riga kamar santimita 3, a warware wayoyi takwas, a jera su bisa tsarin T568B: fari mai ratsin ruwan goro, ruwan goro, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A datse su daidai su rage kamar santimita ɗaya da ɗigo uku, a tura cikin kai maƙallin yana kallon ƙasa, rigar ma ta shiga ciki yadda filaya za ta cije ta.

Kullum sai wani ya tambaya, "Malam, me ya sa aka raba kore biyu, shuɗi ya shiga tsakani?" Tambayar da nake jira ke nan. Wayoyin a murɗe suke biyu-biyu don su kashe hayaniyar lantarki, kuma na'ura tana amfani da ƙafa ta 1 da 2 a matsayin tagwaye, 3 da 6, 4 da 5, sai 7 da 8. Yaro zai iya jera launuka yadda ya ga sun yi masa kyau, ya maimaita haka a ɗaya bakin, ƙaramar na'urar gwaji ta haska fitilu takwas cif. Amma tagwayen sun rabu, da kebul ɗin ya yi tsawo sai sadarwa ta riƙa yankewa. Haka in ƙafa ta 4, 5, 7 ko 8 ba ta cije ba, layin zai yi aiki amma ya sauko daga megabit 1,000 zuwa 100, don mai 100 ƙafa huɗu kawai yake bukata. Iyakar tsawo mita 100 ne. A kuma kula da kebul mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa tagulla: kankare shi da reza, in fari ya bayyana shi ne, kuma karyewa yake a cikin kai.

In kebul ya yi, sai su haɗa kwamfutoci huɗu a suwich, akwatin da kebul ɗinsu ke haɗuwa a ciki, su ba kowace adireshi da hannu, 192.168.1.10 zuwa sama, su yi ping, wato ɗaya ta aika wa wata saƙon gwaji a ga ko za ta amsa. Abu uku ne ke hana amsa: biyu sun ɗauki adireshi ɗaya, ko katangar tsaron Windows ta toshe, ko adireshin ya fara da 169.254, alamar na'urar ta nemi mai raba adireshi ba ta samu ba.

Sai yanzu manhaja. Aikin farko a Python shi ne wanda suka san kansa: a shigar da maki, ta fito da sakamako irin na WAEC, A1 daga 75, B2 daga 70, a sauko har F9 ƙasa da 40. Layi kaɗan ne, amma tarko biyu na ciki. Abin da umarnin input ya karɓo daga mai bugawa rubutu ne ko da lamba aka buga, sai an bi da shi ta int, mai mayar da shi lamba, kafin a gwada shi da 75. Wanda kuma ya fara sharaɗinsa daga "40 zuwa sama" zai ga mai maki 90 ya samu E8, don sharaɗin farko da ya dace shi ake bi. Ba na gyara musu. Jan rubutun kuskure yana firgita su, su ɗago suna neman malam, ni kuwa sai in ce a karanta min layin ƙarshe da ƙarfi, a faɗa min lambar layin da ya ambata. Sannan a gwada 39, 40, 74, 75, 101 da kalmar "goma". Wata matsalar tamu ce mu kaɗai: sunaye masu ƙ, ɗ da ɓ. A Windows, rubuta Ɗanladi ko Ƙasimu cikin fayil kan jawo kuskure sai an ce a yi amfani da tsarin adana haruffa na utf-8, kuma Excel kan hargitsa su in ba a adana da wannan tsarin ba.

Duk wannan ba ya maye gurbin takarda, kuma a SS1 ake yanke hukuncin. Mai son Kimiyyar Kwamfuta a jami'a zai rubuta Turanci, Lissafi da Fizis a JAMB, da darasi na huɗu da ya danganta da makarantar, kuma yana bukatar kiredit biyar ciki har da waɗannan ukun. Yaron da ya gudu daga Fizis ya rufe wa kansa wannan ƙofa tun yana shekara 15, sau da yawa ba wanda ya faɗa masa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, don haka tun SS2 nake sa su duba ko suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na makaranta. Foliteknik ma hanya ce, da difilomar ND ana iya shiga aji biyu na jami'a, ga horon sanin makamar aiki na SIWES da hukumar ITF ke kula da shi, wadda hedikwatarta ke nan Jos a titin Miango. Satifiket irin CCNA, na haɗa na'urori da kamfanin Cisco ke bayarwa, kuwa ba na bari a yi gaggawarsa. Da dala ake biya, shekara uku yake yi ya ƙare, wato kafin yaron ya fara neman aiki satifiket ɗin ya daina aiki. Darussan farko na Cisco da manhajar Packet Tracer ta gwajin haɗa na'urori kyauta ne, sun ishe shi yanzu.

Iyaye kuma tsoronsu ɗaya ne, kada yaro ya zama ɗan Yahoo, kuma suna da hujja. Nakan gayyace su su ga kebul ɗin da 'ya'yansu suka matse. In uba ya ce, "Malam, ina tsoron abin nan," sai in ce, "Alhaji, wayar da ke aljihunsa ta fi wannan ajin haɗari." Yaran kuma ina karanta musu abin da Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta haramta, in ja kunnensu kan ara wa aboki asusun banki, don ta nan ake fara kama ƙanana.

A hutun ƙarshe nake tura waɗanda suka nuna hannu wajen masu gyaran kwamfuta da waya na kusa da kasuwar Terminus, ko wajen masu jan kebul da kafa kyamarar tsaro. Kafin yaro ya fara, ni da mahaifinsa da mai shago muke zama a yi magana a fili: ƙarfe nawa zai zo, ƙarfe nawa zai tashi, ba zai buɗe hotuna ko saƙonnin wayar kwastoma ba, kuma ba ɗan aiken sayo abinci aka kawo ba. Littafin nan mai tambaya huɗu yana tafiya da shi, mai shago ya sa hannu duk Alhamis. In mako biyu suka wuce shafukan babu komai sai "na share shago", sai in sauya masa wuri.