Sauya Tsarin Wutar Tsohon Injin Kwale-kwale

Yawancin tsofaffin injinan kwale-kwale da ake kawowa shagona, masu su kan zo ne sun riga sun yanke hukunci cewa wuta ce ta mutu, a cire komai a sa sabo. Ban cika karɓar wannan hukunci kai tsaye ba, domin sauya tsarin wuta aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kuma injin da cikinsa ya riga ya gaji, sabuwar wuta ba za ta tashe shi ba. Shi ya sa muke fara auna matsin iska a kowace silinda. Idan bambancin da ke tsakaninsu ya haura kashi 10 cikin 100, ko muka ga fistin ya ci bangon silinda, sai in gaya wa mai injin cewa ba a kan wuta ya kamata ya fara kashe kuɗinsa ba.

Idan matsin ya yi kyau, sai mu koma kan wutar kanta. Mutane da yawa sukan cire fulogi su jingina shi a jikin inji su ja igiya, da zarar sun ga ɗan tartsatsi sai su ce lafiya lau. Wannan gwaji yana ruɗin mutum, domin wutar da ta tsallake 'yar tazarar bakin fulogi a sarari tana iya kasawa a cikin silinda, inda iska take a matse. Mu muna amfani da ma'auni mai tazarar da ake buɗewa yadda ake so: tsohon tsari mai kontak, wato bakin ƙarfe biyu masu buɗewa da rufewa don sakin wuta, ya kamata ya tsallake kimanin milimita 6 da shuɗiyar wuta mai ƙara, mai akwatin CDI kuwa, wato akwatin lantarki da ke sakin wuta ba tare da kontak ba, kusan milimita 11. Kafin mu zargi wani abu mai tsada kuma, sai mun cire wayar kashe inji mun sake gwadawa, saboda sau da yawa ita ce ta goge tana taɓa jikin inji, ko tsatsa ta cika makunnin, wutar tana zurarewa tun ba ta kai ga fulogi ba.

Tsohon tsarin duk yana ƙarƙashin fulawil ne, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a saman inji, kuma ba ruwansa da batir. Maganaɗisun da ke jikin fulawil yana wucewa ta gaban kwayil, wato naɗaɗɗiyar waya, ya haifar da wuta, kontak ya buɗe a daidai lokacin, kwandansa ta hana tartsatsi cin bakin kontak, sai kwayil ya tura dubban volt zuwa fulogi. Ƙananan injinan Johnson da Evinrude sun yi amfani da kusan fasali ɗaya tun shekarun 1950 har cikin shekarun 1970, kuma cutarsu sananniya ce: idan ka ɗaga fulawil ɗin wanda ba a taɓa buɗewa ba, za ka tarar rufin kwayil ya tsattsage kamar busasshen tabki, wani lokaci har da siririn baƙin layi inda wuta ta riƙa tsallakawa zuwa farantin da kwayil da kontak suke zaune a kai. Irin wannan kwayil ba ya gyaruwa, ko da an shafe shi da gam.

A nan ne nake zama da mai injin mu yi shawara, domin hanyoyin da za a bi ba ɗaya ba ne. Ana iya sa sabon kwayil da kontak da kwandansa da wayoyin fulogi, a bar tsarin yadda kamfani ya ƙera shi. Ana iya cire kontak da kwandansa a sa ƙaramar na'urar lantarki a madadinsu. Ana kuma iya ɗauko cikakken tsarin CDI daga ƙanin injin, wato samfurin da ya biyo bayansa, a dasa masa. Abin da na fi ji daga bakin masu injina shi ne, "Maigida, a sa na zamani kawai kowa ya huta." Ni kuwa nakan ce, "Malam, ina kake zuwa da jirgin nan, kuma wa zai taimake ka idan ya tsaya?" Mutumin da ke nisa da gaɓa, wanda yake da ɗan sani da kayan aiki, zai iya goge kontak ya daidaita shi ya dawo gida, amma akwatin CDI idan ya mutu babu abin da hannu zai iya yi masa sai dai a sa wani. A gefe guda kuma, CDI ba shi da bakin da zai ci ko ya yi tsatsa, wutarsa ta fi zafi, kuma ya fi jure fulogin da mai ya jiƙa. Ra'ayina shi ne ƙaramin inji mai silinda ɗaya ko biyu a bar masa kontak ɗinsa muddin ana samun mai kyau. Ƙananan na'urorin nan na madadin kontak ban cika son su ba, domin ba a iya daidaita lokacin da suke sakin wuta, kuma akwai injin da suke karɓa akwai wanda ba sa karɓa.

Samun kaya masu kyau shi kansa wani aiki ne. Kamfanin OMC, wanda yake ƙera Johnson da Evinrude, ya karye a shekarar 2000, kuma kamfanin BRP da ya gaje shi ya daina ƙera Evinrude a 2020, saboda haka yawancin abin da ke kasuwa yanzu na wasu masu ƙira ne, wani nagari wani kuma kama kawai ya yi. Ba na yin oda sai na karanta lambar samfurin daga jikin injin, domin injina biyu masu ƙarfin doki ɗaya da fenti ɗaya suna iya bambanta a ƙarƙashin fulawil. Idan dashen CDI za a yi, dole fulawil da kwayil mai caji da na'urar ba da sigina da akwatin kansa su fito daga gida ɗaya, domin wurin da maganaɗisu yake a fulawil shi ke faɗa wa sauran lokacin aiki.

Cire fulawil shi ne inda nake tsayawa a kan yaran shago da kaina. Ana ɗaura abin jan ne a ramukan da kamfani ya yi wa zare a saman fulawil, ba a gefensa ba, domin jan gefe yana lanƙwasa shi ko ya fasa shi. Kusoshin ma ba a zura su da zurfi, kada su huda kwayil da ke ƙasa. Ana sassauta babban noti a bar shi daidai da kan sandar inji don ya kare zaren, sannan a ɗaure a hankali har fulawil ya saki da ƙara ɗaya. Daga nan sai mu duba 'yar sakatar da ke riƙe fulawil a gurbinsa. Injin da farfelarsa ta taɓa bugun dutse yakan yanke ta ko ya gurɗe ta, fulawil ya ɗan juya daga wurinsa, wuta tana nan da ƙarfinta amma tana zuwa ba a kan lokaci ba, mai injin kuma ya yi ta sayen akwati bayan akwati alhali matsalar ɗan guntun ƙarfe ne. Muna kuma duba ko mai yana tsatsowa daga robar saman sandar, saboda zai lalata sabon kontak cikin ɗan lokaci, da kuma ko farantin yana girgiɗi, domin faranti mai girgiɗi ba ya riƙe saiti.

Wajen ɗaura sababbin kaya, ƙafafun kwayil sai sun zauna daidai da bakin da aka sassaƙa a faranti, idan suka fito fulawil zai goge su, idan suka shige wutar za ta yi rauni. Tazarar kontak a irin waɗancan injinan rabin milimita ce, kuma a inji mai silinda biyu tilas su buɗe daidai rabin zagaye tsakaninsu, in ba haka ba injin zai riƙa ɗingishi. Bayan saiti muna jan farar takarda mai tsabta tsakanin bakin kontak, domin ko maiƙon yatsa yana iya hana wuta. A tsarin CDI kuwa gargaɗina ga yara guda ne mai girma: wayar kashe inji jikin inji kawai take taɓawa, duk ranar da wutar batir mai volt 12 ta shige ta, akwatin ya ƙone. Haka kuma ba a juya inji wayoyin fulogi suna reto a iska. Mazaunin fulawil ana goge shi tas a bar shi a bushe, babu giris babu mai, a ɗaure notin da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa.

Aikin da nake ganin shi ne ainihin abin da ake biya na dominsa shi ne daidaita lokacin wuta da buɗewar kafireto. A waɗannan injina idan ka murɗa totur, farantin wuta ne ke fara juyawa yana gaggauta tartsatsi, sannan ya tura hannun da ke buɗe kafireto a daidai wata alama da aka zana. Idan suka saɓa, injin zai shaƙe da zarar an ba shi wuta. Idan kuma tartsatsin ya yi gaggawa fiye da kima a cikakken gudu, zafi yana iya huda kan fistin, kuma mai jirgi ba zai ji alama ba sai aikin gama ya gama. Saboda haka bayan kowane dashe muna haska fitilar saiti a kan alamomin fulawil, ba ma dogara da kunne.

Gwajin ƙarshe a cikin tankin ruwa muke yi, ruwan ya rufe mashigar famfon da ke sanyaya inji, domin robar famfon tana ƙonewa cikin daƙiƙoƙi idan ta juya a bushe. Muna barin injin ya yi zafi sosai an sa masa giya farfela tana juyawa, mu kashe shi mu sake tayarwa, saboda kwayil ko akwati mai rauni yakan yi aiki da sanyi ya yanke idan ya ɗumama. Sai mu ja igiyar kashe inji mu tabbatar ya tsaya nan take, mu cire fulogi mu ga launinsu ya zo ɗaya, sannan in rubuta wa mai injin lambobin kayan da aka sa da tazarar da aka saita a takardar da zai tafi da ita.