Sauke Tsohuwar Akori-kura: Daga Ina Za a Ɗebo Incin?

Duk wanda ya tsaya a gefen tsohuwar akori-kura ta Amurka, irin su Chevrolet C10 da Ford F-100, ya ƙare mata kallo alhali babu kaya a bayanta, zai ga cewa bayan ya ɗara gaban tashi, kuma tsakanin taya da bakin bodi akwai wani wawakeken fili. Masu ƙera ta sun yi hakan ne da gangan, domin mota ce ta ɗaukar kaya kimanin rabin tan, kuma sai an loda ta sifirin ɗin baya yake dannuwa ta daidaita. A yau kuwa, yawancin masu riƙe da waɗannan motoci ba lodi suke yi da su ba, sha'awa ce kawai, saboda haka suke neman a sauke su ƙasa. A bakin masu harkar za ka ji ana cewa 2/4 ko 4/6, inda 4/6 ke nufin saukar inci 4 a gaba da inci 6 a baya, kuma bayan ne kullum yake ɗaukar kaso mafi yawa saboda wancan tashin na asali.

Ni ina cikin masu son ganin akori-kura ta zauna ƙasa daram, kuma ban yarda da masu cewa ɓata mota ba ne, domin saukar da nauyinta kusa da ƙasa yana rage mata tangaɗi a kwana. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda ake fara lissafi daga kyan gani. Tsakanin aksil da shasi, haka kuma tsakanin hannun ƙafar gaba da robar da ke tare shi, akwai tazarar da aka bari domin taya ta samu wurin motsawa sama idan ta hau tudu ko ta faɗa rami. Kowane inci da aka sauke mota, daga wani wuri aka ɗebo shi, kuma idan daga wannan tazara aka ɗebo, to an ci daga abin da yake sa motar ta tafi lafiya. Tambayar da ta kamata a fara yi ke nan kafin a sayi ko da noti ɗaya.

A gaban C10, daga ƙirar 1963 zuwa ta 1987, kowace ƙafa tana da hannu biyu, na sama da na ƙasa, da naɗaɗɗen sifirin a zaune a kan na ƙasan. Ƙirar 1960 zuwa 1962 ta bambanta, domin sandar ƙarfe mai murɗuwa ce take riƙe nauyin a madadin sifirin, don haka kayan waccan ba sa shiga wannan. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce canza sifindil, wato ƙarfen da wili yake juyawa a kansa. Sabon sifindil ɗin yana zuwa da sandarsa an ɗaga ta sama da kimanin inci 2 zuwa 2 da rabi, saboda haka wilin ne yake hawa cikin bodi, motar ta sauka, amma sifirin da shokozoba da hannuwan ƙafa duk suna nan a mazauninsu na asali, tazarar motsi ba ta ragu ba. Sai dai ba a rasa abin lura. Hannun ƙasa yakan matso kusa da cikin rim, har ya goge shi idan rim ɗin ƙarami ne, musamman lokacin da aka karya sitiyari gaba ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar da bai kamata a taka ba: kada wani ƙarfe na ƙasan mota ya sauko ƙasa da leɓen rim, domin ranar da taya ta fashe ana cikin gudu, ƙarfen ne zai fara caccakar kwalta, kuma a lokacin sitiyari ba shi da sauran amfani.

Idan ana son ƙari a kan abin da sifindil ya bayar, sai a haɗa da gajeren sifirin da aka ƙera domin wannan aiki, inci 1 ko 2. Nan ne ake fara cin tazara, kuma nan ne kan taya yake fara karkata ciki, abin da yake cinye gefen taya na ciki idan ba a gyara shi wajen alaimen, wato saitin tsayuwar tayoyi, ba. Wasu suna yanke sifirin na asali. Idan da abin yanka mai sanyi aka yi, kuma kaɗan aka cire, ba na kiran hakan ganganci, amma a sani cewa sifirin yana ƙara tauri idan aka rage masa zagaye, kuma tun da yake yana zaune ne a tsakiyar hannu ba a bakin wili ba, ɗan abin da aka yanke yana fitowa da yawa a wajen taya. Abin da ba ni da uzuri gare shi shi ne gasa sifirin da wutar walda har ya lotsa. Zafin yana kashe ƙarfin da aka gina a cikin ƙarfen tun a masana'anta, sifirin ya ci gaba da zama a hankali, gefe ɗaya ya fi ɗaya, daga bisani ya karye ba sallama. Shi kansa cire sifirin na gaba aiki ne mai haɗari, domin a danne yake da nauyin inji, kuma ba a sakin boljoyin, wato mahaɗin hannu da sifindil, sai jak yana riƙe da hannun ƙasa, motar kuma tana kan matokarai masu ƙarfi.

Mai Ford F-100 nasa lissafin daban ne. Daga 1965 kamfanin ya sa wa gaban motar dogayen ƙarafa biyu masu gittawa, kowane wili a kan nasa, kowane ƙarfe kuma maƙale a ɗaya gefen shasi. Tun da wilin yana tafiya ne a bisa baka, da zarar an rage tsawon sifirin sai tayoyin su kwanta ciki ƙwarai. Maganin shi ne a sayi irin waɗannan ƙarafa da aka ƙera da sauka a jikinsu. Wasu ma sukan cire gaban gaba ɗaya su dasa na Ford Crown Victoria ƙirar 2003 zuwa 2011, amma wannan ya wuce sauke mota, ya zama sake mata ƙafa, kuma ya fi na asali faɗi.

Baya ne wurin da aikin yake da daɗi, kuma wurin da aka fi yin aika-aika. C10 ta 1967 zuwa 1972, wadda a ganina ta fi duk 'yan uwanta kyan tsari, yawancinta tana da dogayen hannuwa biyu da suka taso daga tsakiyar shasi suka riƙe aksil, da naɗaɗɗen sifirin, da wata sanda a gicciye da take hana aksil zamewa gefe. Gajeren sifirin yana sauke ta cikin sauƙi, amma ita wannan sanda ta gicciye, tun da a karkace take aiki, sai ta tura aksil ɗin gefe ɗaya. In ka tsuguna a bayan motar ka auna daga kowace taya zuwa bodi, za ka tarar ɗaya ta fi ɗaya leƙowa. Sanda mai daidaituwa ce take mayar da shi tsakiya. Daga 1973 zuwa 1987 kuwa sifirin mai falle-falle ne a baya, aksil yana ƙarƙashinsa, kuma babbar dabara ita ce a juya tsarin, a ɗora aksil a saman sifirin, wanda yake ba da inci 5 zuwa 6 a tashi ɗaya. Wanda yake son inci 2 kacal, canza maratayin sifirin ya ishe shi.

Da zarar saukar baya ta kai wajen inci 5, aksil ya kusa taɓa shasi, kuma dole a yanke wani rabin da'ira a jikin shasin daidai saman aksil, a lulluɓe wurin da farantin ƙarfe mai kauri. A nan nake ganin bambanci tsakanin bakanike da mai neman gamawa. Shasi shi ne ƙashin bayan motar, kuma wurin da ake yankewa yana ɗauke da nauyin duk abin da ke bayan aksil. Yanka ba tare da ƙarfafawa ba yana jawo tsagewa, musamman ga wanda har yanzu yakan ja tirela ko ya loda kaya jefi-jefi. Wanda ya ƙi yankan kuma, ya bar aksil da ɗan yatsa biyu tsakaninsa da shasi, zai riƙa jin duka a ƙugunsa a kowane gargada.

Akwai kuma farfela, wato sandar da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksil na baya, wadda ake yawan mantawa da ita har sai mota ta fara kakkarwa a wani takamaiman gudu. Mahaɗan da ke bakinta biyu suna son su yi aiki a ƙaramar kusurwa, kamar digiri 1 zuwa 3, kuma ta gaba da ta baya su yi kusan daidai, domin ta haka ne rashin daidaiton juyawar ɗaya yake soke na ɗayar. Sauke baya yana canza wannan, don haka ake cusa ɗan ƙarfe mai siffar weji a mazaunin aksil a gyara karkatarsa. Haka nan farfelar tana ƙara shigewa cikin giyabos, kuma idan ba ta da sauran wurin shiga, giyabos ɗin ne zai sha dukan.

Shokozoba na asali ya yi wa saukakkiyar mota tsawo, zai riƙa ƙurewa kafin sifirin ya gama aikinsa, sai a nemo gajere, a baya kuma sau da yawa sai an matsar da mazauninsa domin ya miƙe tsaye maimakon ya kwanta. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. Nakan ɗaura siririn maɗaurin roba a jikin sandar shokozoba, in tura shi ƙasa har ya taɓa bututun, in zaga da motar a hanyar da na saba bi, sannan in leƙa. Inda maɗaurin ya tsaya, nan ne iyakar inda ƙafar ta kai. Idan ya haye har ƙarshen sanda, ko kuma na ga robar tarewa ta yi sheƙi ta bar tabo a jikin ƙarfe, to tazarar ta ƙare. Ni ina son in ga aƙalla inci 3 na motsi sama a baya, kuma wannan ne ya sa 4/6 ta zama iyakata ga motar da za a riƙa hawa kullum.

Masu son ta kwanta har ƙasa sukan koma ga jakar iska a madadin sifirin, da kwamfireso da tanki, su ɗaga ta lokacin tafiya su sauke ta idan sun tsaya. Tsari ne mai kyau ga motar nuni, amma kowane tiyo da kowane bawul sabon wurin yoyo ne.

Bayan an sauke motar daga kan jak, a bar sifirin ya zauna na ɗan lokaci kafin a kai ta alaimen, kuma notocin bushin a ɗaure su ne nauyin mota yana kan tayoyinta. A duba tiyon birki kada ya ja ko ya goge, a duba salansa inda ta haye saman aksil, a sake saita fitilun gaba tun da an sauke baya fiye da gaba kuma haskensu ya ɗaga sama, sannan bayan tafiyar farko mai ɗan nisa a koma a sake matse notocin da suka riƙe aksil.