Yadda aka sake gina ƙirjin Baba

Mako uku bayan an yi wa mahaifinmu tiyatar zuciya a Indiya, muna zaune a gidanmu na Gwammaja bayan la'asar, sai ya yi tari, ya dafe ƙirji, ya ce yana jin wani abu yana motsi a ciki. Da na ɗaga rigarsa, na ga ƙasan ɗinkin ya yi ja yana fitar da mugunya. Mun ɗauka ƙurji ne, har muka kwana biyu muna wanke wurin da ruwan gishiri, kuma jinkirin nan yana damuna har yau.

Likita ya bayyana mana cewa kafin a kai ga zuciya, tsaga ƙashin ƙirji ake yi daga sama zuwa ƙasa, a gama aiki a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe. Baba yana da ciwon suga, sannan jijiyar da aka ciro daga bayan ƙashin don yi wa zuciyarsa sabuwar hanyar jini tana cikin masu ciyar da ƙashin, shi ya sa ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama.

Na zaci sake ɗinkewa kawai za a yi. Ashe sai an cire wayoyin, an kankare duk ƙashi da naman da suka mutu, an cusa soso a ramin, an haɗa shi da na'urar da ke zuƙe ruwa dare da rana, ana sauya soson bayan kwana biyu ko uku. Ramin da ya rage kuwa ba a rufe shi da fata kaɗai, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jini yake tafiya, kuma ba ya isa inda jini ba ya zuwa. Saboda haka aka ɗago tsokar ƙirji ta dama da ta hagu, kowace da jijiyoyinta, aka jawo su tsakiya suka cike gurbin. Likita Jurkiewicz da abokan aikinsa na Jami'ar Emory a Amurka ne suka yaɗa wannan dabara a 1980. Da tsokar ba ta wadatar ba, da an jawo mayafin kitsen nan da ke lulluɓe hanji zuwa ƙirjin.

Yanzu Baba yana rungume matashi idan tari ya zo masa, an hana shi ɗaukar ko da bokitin ruwa, kuma a kan kujera yake sallah. Jiya da ƙafarsa ya taka zuwa masallacin unguwa.